Hantabairos da Rigakafin DNA: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Ina koyar da ɗaliban kiwon lafiya darasin ƙananan halittu a nan Bauchi. Tun watan Maris na 2020, lokacin da labarin wani mutumin lardin Yunan na ƙasar Sin da hantabairos, wata ƙwayar cuta da ɓera ke yaɗawa, ta kashe cikin motar safa ya karaɗe WhatsApp, ban daina amsa tambayoyi kan hantabairos ba. Suka sake tasowa a 2025 da aka ji cutar ce ajalin Betsy Arakawa, matar ɗan wasan Amurka Gene Hackman. Wasu tambayoyin daga aji suke fitowa, wasu daga majalisar unguwa bayan isha'i, wasu daga iyaye mata da ke fama da ɓeraye a ɗakin hatsi. Ga su nan na tattara, da abin da na sani a kai.

Malam, wannan ciwon hanta ne ya sake kama?

A'a. Sunan ne kawai ya zo daidai da kalmarmu, kuma ruɗanin ya kai har na ga ɗalibi ya rubuta min a jarrabawa cewa cutar tana sa shawara. Sunan ya samo asali ne daga kogin Hantan da ke Koriya. A yaƙin Koriya, 1950 zuwa 1953, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya fiye da 3,000 sun kwanta da wani zazzaɓi mai zubar da jini da lalata ƙoda, ba a san musabbabinsa ba. Sai a 1976 wani masani ɗan Koriya ta Kudu, Ho Wang Lee, ya gano ƙwayar a jikin ɓeran gona da aka kama kusa da kogin. Allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai a asibitocinmu ba ta da wata alaƙa da wannan.

Ta yaya ake kamuwa, kuma me take yi wa jiki?

Ɓera ne ke ɗauke da ita, shi kuma ba ta kwantar da shi. Yana fitar da ƙwayar a fitsari da kashi da yawu. Idan suka bushe aka zo shara, ƙurar ta tashi, mutum ya shaƙa. Nan ne babbar ƙofa. Cizon ɓera ma yana iya sawa, amma bai kai shaƙa yawa ba. Alamomi sukan ɗauki mako ɗaya har zuwa takwas kafin su bayyana, su fara da zazzaɓi da ciwon jiki da ciwon kai, kamar dai maleriya.

Dangin ƙwayar sun kasu gida biyu. Na Asiya da Turai, wato Hantan, Seul, Puumala da Dobrava, ƙoda suke nufa. Hantan da Dobrava kan kashe daga 5 zuwa 15 cikin 100 na waɗanda suka kwanta, Puumala kuma da ta fi yawa a Finlan da Rasha ba ta kai ɗaya cikin 100 ba. Na nahiyar Amurka huhu suke cika wa ruwa. A 1993 aka gano ƙwayar Sin Nombre a kudu maso yammacin Amurka bayan matasa masu ƙarfi sun riƙa mutuwa da sarƙewar numfashi, kuma takan kashe fiye da ɗaya cikin uku. Ƙwayar Andes, ta Ajantina da Chile, ita kaɗai aka tabbatar tana wucewa daga mutum zuwa mutum. A garin Epuyén na Ajantina, tsakanin 2018 da 2019, mutum 34 suka kamu, 11 suka rasu.

Ba Lassa ce aka sauya wa suna ba?

Dangi daban ne, ko da yake duka biyun ɓera ne ke kawo su gida. Lassa, da aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓeran nan mai yawan nonuwa ne ke yaɗa ta, tana kuma wucewa tsakanin mutane, shi ya sa muke rasa ma'aikatan lafiya a dalilinta. Mu a Bauchi kusan kowane rani sunanmu na cikin jihohin da ke kan gaba a rahoton hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tare da Ondo da Edo da Taraba. Don haka duk wanda ya zo min da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, kuma akwai ɓeraye a gidansa, Lassa nake fara kawowa a rai. Rigakafin ɗaya ba ya kare ɗayar. Tsaftar da ke kare ɗaya dai tana kare duka biyun, kuma na yi bayaninta a amsar ƙarshe.

To akwai ta a ƙasashenmu?

Akwai danginta a Afirka ta Yamma. A 2006 aka bayyana ƙwayar Sangassou a jikin wani ɓeran daji a Gini, daga baya aka samu wasu a jikin jaba da jemage a Gini da Saliyo da Kwaddibuwa. Ƙwayar Seul kuma, wadda ke bin ɓerayen birni cikin jiragen ruwa, an same ta a Senegal da tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Kayan da ke sauka Kwatano kuwa mun san inda tireloli ke kai su.

Abin da ke damuna shi ne ba a cika neman cutar a ɗakunan gwajinmu ba. Marar lafiya zai zo da zazzaɓi da ƙarancin fitsari, a gwada maleriya, a gwada taifot, in an yi nisa a gwada Lassa, sakamako ya fito babu, a rubuta ciwon ƙoda a rufe fayil. Abin da ba a nema ba, ba a gani. Wannan aiki ne da nake fata ɗalibanmu masu neman digiri na biyu su ɗauka, su kama ɓerayen kasuwa da na rumbu su bincika.

Mene ne rigakafin DNA, kuma da me ya bambanta da wanda muka saba?

Rigakafin da muka saba, ƙwayar cutar ake nomawa, a kashe ta ko a raunana ta, a yi wa mutum allura. Na DNA ba ya ɗauke da ƙwayar ko kaɗan. Abin da ke ciki wani ɗan zobe ne na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, ana kiran zoben filasmid, an rubuta masa umarnin ƙera yanki ɗaya na rigar ƙwayar. Kamar ka kai wa tela zanen aljihu kaɗai ne: zai ɗinka aljihun, amma riga ba za ta fito daga nan ba.

Kundin gadon hantabairos kashi uku ne, ana kiransu S da M da L. Na tsakiyar, M, shi ke ƙera furotin biyu, Gn da Gc, waɗanda suke tsaye a bayan ƙwayar kamar ƙaya, da su take manne wa jikin mutum ta shiga. Umarnin M ake sawa a filasmid. Idan ya shiga tsoka ko fata, ƙwayoyin jikin wurin su ƙera waɗannan ƙayoyi na ɗan lokaci, garkuwar jiki ta gan su baƙi ne, ta ƙera musu makamai, wato antibodi. Ranar da ƙwayar gaske ta zo, an riga an san fuskarta.

Amfaninsa a fili yake. Ba sai an noma ƙwaya mai kisa a masana'anta ba, domin filasmid a cikin bakteriya ake yawaita shi. Kuma DNA ya fi jure zafi a kan rigakafin mRNA irin na korona. Duk wanda ya taɓa ɗaukar akwatin sanyi a bayan babur zuwa ƙauyukan Ningi ko Alkaleri a watan Afrilu ya san darajar wannan.

Ba zai sauya min halitta ko ya hana haihuwa ba?

Wannan ce tambayar da aka fi yi min a ɓoye, bayan an tashi daga aji. Filasmid ba ya hayayyafa a jikin mutum. Yakan zauna a wurin da aka yi allurar, ya yi aikinsa, jiki ya narkar da shi a hankali. Hukumomin magunguna ba sa barin a taɓa mutum da shi sai an bi sawunsa a jikin dabba gaɓa-gaɓa, har da maraina da ƙwan mace, an kuma duba ko ya liƙe a kundin gadon dabbar. Binciken shekaru ya nuna yiwuwar liƙewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba ta kai sauye-sauyen da ke faruwa da kansu a ƙwayoyin jikinmu kullum ba. Fasahar ma ba sabuwa ba ce: a 2005 aka amince da rigakafin DNA na dawaki a Amurka da na kifi a Kanada, a 2021 kuma Indiya ta amince da ZyCoV-D na korona, wanda shi ne na farko ga ɗan Adam.

Su wa ke wannan aiki?

Mafi yawan aikin ya fito ne daga cibiyar binciken cututtuka ta sojin Amurka, USAMRIID, da ke Fort Detrick a jihar Maryland, a hannun Connie Schmaljohn da Jay Hooper da abokan aikinsu. Dalilin shigar soja ba ɓoyayye ba ne, suna da dakaru a Koriya, kuma mai kwana a rami da ɓera yake kwana. A 1999 suka wallafa cewa rigakafin DNA na ƙwayar Seul ya kare hamsta, wata 'yar dabbar gwaji, daga kamuwa. Daga nan suka bi Hantan, Andes, Puumala da Sin Nombre ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa hamsta? Ba ɓeran gwaji ake amfani da shi ba?

Nan ne wahalar aikin take. Ka tuna na ce ƙwayar ba ta kwantar da ɓera. To ta yaya za ka nuna magani ya hana ciwo a jikin dabbar da ba ta ciwon? Shekaru masu yawa masana ba su da dabbar da ke nuna cutar yadda mutum ke nuna ta. Hamsta, wata 'yar dabba ce dangin ɓera mai guntun wutsiya da kumatu kamar jaka, asalinta daga Siriya. Idan aka sa mata Hantan ko Seul ko Puumala, ƙwayar takan kama ta amma ba ta kwanta. Iyakar abin da za a iya aunawa shi ne ta kamu ko ba ta kamu ba.

A 2001 Hooper da abokansa suka gano cewa ƙwayar Andes tana kashe hamsta, kuma ta hanyar da take kashe mutum. Dabbar za ta yi kwana goma ko fiye tana ci tana sha, sai numfashi ya sarƙe mata farat ɗaya, huhu ya cika da ruwa, cikin sa'o'i ta mutu. Wannan ya buɗe ƙofa, domin yanzu ana iya tambayar ko rigakafi ya ceci rai. Irin wannan gwaji a ɗaki mai matakin tsaro na huɗu ake yin sa, mafi tsanani, inda ma'aikaci ke sanye da rigar roba mai bututun iska.

Yaya ake gwajin, daki-daki?

Ana raba dabbobin rukuni-rukuni. Wasu a ba su rigakafin, wasu a ba su filasmid fanko wanda ba umarni a cikinsa, domin a samu abin kwatance. A gwaje-gwajen farko, wata na'ura mai kama da bindiga aka yi amfani da ita: a shafa DNA a jikin garin zinari mai laushin gaske, a aske cikin hamsta, a harba garin cikin fata da ƙarfin iskar hiliyam. Akan yi sau uku, da makonni a tsakani. Sai a ɗebi jini, a haɗa ruwansa da ƙwayar a faranti, a ga ko zai hana ta kama ƙwayoyin da aka shimfiɗa. Ana ta tsarma ruwan jinin har a kai inda ya daina hanawa. Wanda ya jure tsarmi mai yawa, shi ne mai ƙarfi.

Bayan haka ne ake sa wa dabbobin ƙwayar gaske. Akwai wata dabara a nan da nake son nuna wa ɗalibai saboda kyanta. Tunda rigakafin umarnin M kaɗai ya ɗauka, jikin dabbar bai taɓa ganin furotin ɗin da kashin S ke ƙerawa ba. Idan bayan makonni huɗu aka samu antibodin wannan furotin a jininta, to ƙwayar ta shiga ta yi aiki, rigakafin ya gaza. Idan babu, an tare ta tun a bakin ƙofa. Da haka ake gane kariya ko a dabbar da ba ta nuna ciwo.

Idan ya yi aiki a dabba, ai an gama ke nan?

Da saura, kuma tarihin wannan aikin kansa shi ne shaida. Rigakafin Hantan ya kare hamsta daga Hantan da Seul da Dobrava, amma bai kare ta daga Puumala ba, sai da aka ƙera mata nata daban. Da aka zuba biyun a allura ɗaya kuma, sai na Puumala ya danne na Hantan, martanin ya raunana, aka koma gyaran tsarin filasmid da awon kowanne.

Na Andes ya fi ban mamaki. Rigakafin farko da aka ƙera bai motsa garkuwar hamsta ba sam. Da a nan aka tsaya, da an jefar da shi. Aka gwada shi a birai, sai ga antibodi mai ƙarfi. Aka ɗebi ruwan jinin biran aka yi wa hamsta allura, ya cece su, har waɗanda aka ba kwana huɗu ko biyar bayan an sa musu ƙwayar. Abu ɗaya, dabba biyu, amsa biyu. Saboda haka idan kuka ga saƙo yana yawo cewa an gano rigakafin cuta kaza, ku fara tambaya: a jikin wa? Rigakafin DNA musamman yana da wannan hali na yin ƙarfi a ƙananan dabbobi ya yi sanyi a jikin mutum, domin shigar da filasmid cikin tsoka mai girma ba wasa ba ne. Shi ya sa aka ƙirƙiro bugun lantarki na ɗan daƙiƙa da ke buɗe ƙofofin ƙwayoyin tsoka, da na'urar da ke fesa ruwan ya huda fata ba tare da tsinin allura ba.

Na ji an ce har shanu da agwagi aka yi wa. Su ma suna kamuwa ne?

Ba don kare su aka yi ba, masana'anta aka mai da su. An yi wa agwagi da dinya allurar, aka tace antibodi daga gwaiduwar ƙwansu. A 2014 aka bayyana aikin wasu shanu a jihar Dakota ta Kudu da aka gyara musu gado suna ƙera antibodi irin na mutum. Abin da aka tace daga jininsu ya kare hamsta daga Andes. Manufar ita ce a samu maganin da za a ba wanda ya riga ya haɗu da ƙwayar, kamar yadda ake yin maganin dafin maciji daga jinin doki, irin wanda ake yi wa mutane a asibitin Kaltungo.

Ba zalunci ba ne a sa wa dabba ciwo da gangan?

Ba na raina wannan tambaya, kuma ba na son ɗalibin da bai taɓa jin ta a ransa ba. Mun taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da hadisin da ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, har yanka. A ganina gwajin yana halatta ne da sharuɗɗa: ya zama babu wata hanya, a yi da mafi ƙarancin adadin da zai ba da amsa, a rage azaba iyakar iyawa, dabbar da ta fara galabaita a sauƙaƙa mata kada a bar ta tana shure-shure. Waɗannan su ne ƙa'idojin da kwamitocin kula da dabbobin gwaji ke bi. Na taɓa shiga wani ɗakin ajiye ɓerayen gwaji na tarar da kwalaben ruwansu a bushe ranar Litinin, ba wanda ya leƙa tun Juma'a. Baya ga alhaki, sakamakon da za a samu daga dabba mai ƙishirwa ma ba abin dogaro ba ne.

An kai ga gwadawa a mutane?

An kai. Na Hantan da Puumala sun wuce mataki na ɗaya, na duba lafiyar allurar, da bindigar zinari da kuma bugun lantarki, an kuma wallafa sakamakon wani gwajin mataki na biyu a 2020. Na Andes an gwada shi a mutum 48 a Cincinnati da na'urar fesawa, akasarinsu suka samar da antibodi, illolin kuma ba su wuce ciwon wurin allura da ciwon kai da kasala ba. Duk da haka babu ko ɗaya da aka amince a fito da shi kasuwa. Waɗanda ake amfani da su a yau irin na da ne, na kasasshiyar ƙwaya: Hantavax a Koriya ta Kudu tun 1990, da wasu a Sin. Kariyarsu tana buƙatar ƙarin allura, kuma ba su shafi nau'in huhu ba.

Fiye da shekara ashirin, me ya riƙe shi?

Mataki na uku na gwajin ne babbar matsalar. Sai an yi wa dubban mutane allura a jira a ga su wa za su kamu. Cutar huhun kuwa a Amurka mutum 'yan gommai take kamawa a shekara, a warwatse, ba wanda ya san inda za ta ɓulla. Kamfani kuma ba ya zuba kuɗi inda ba ya hango masu saye. Akwai wata ƙa'ida da hukumar magunguna ta Amurka ta kafa a 2002 da ke ba da damar dogaro da shaidar dabba idan gwajin mutane ba zai yiwu ba, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa aikin hamsta da na bayyana a sama yake da nauyi haka. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan jira: wani rigakafin DNA na Lassa, INO-4500, ya yi kyau a dabbobi, aka gwada shi a Gana, a 2022 kamfanin da ya ƙera shi ya dakatar da shi saboda sakamakon bai kai yadda ake so ba.

Za a zo a gwada shi a kan 'ya'yanmu?

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ba mu manta da Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, inda aka gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru. Tsoron yana da tushe. Gwaje-gwajen hantabairos da na ambata a Amurka aka yi su, a kan manya da suka sa hannu da kansu. A Najeriya duk gwajin magani sai da izinin NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike. Haƙƙinku ne a karanta muku takardar yarda da Hausa, a faɗa muku gwaji ne, a ba ku kwafi, kuma ku fita duk ranar da kuka so ba tare da an hana ku magani ba. Wanda ya ƙi ɗaya daga waɗannan, kada ku miƙa masa hannu.

Kafin rigakafi ya zo, me zan yi a gida?

Ku dubi yadda muke buɗe ɗakin hatsi bayan damina. Inna ta tura ƙofa, warin fitsarin ɓera ya bugi hanci, baƙin kashi a warwatse kan buhunan masara, ta ɗaura ɗankwali ta sunkuya da tsintsiya, ƙura ta turnuƙe, jikoki na tsaye a bakin ƙofa. Haka 'yan tireda ke yi a shagunan Muda Lawal da Wunti. Wannan sharar busasshiya ita ce abin da nake roƙo a bari.

A buɗe ƙofa da taga a bar ɗakin ya sha iska rabin sa'a. A haɗa ruwan Hypo, gwangwani ɗaya a gwangwani tara na ruwa, a yayyafa kan kashin da sheƙar har su jiƙe, a jira minti biyar. A sa safar hannu ko leda, a rufe hanci da takunkumi, a kwashe da tsumma a ƙulle a leda, a binne ko a ƙona, sannan a wanke hannu da sabulu. Mataccen ɓera ma haka, kada yaro ya ɗauke shi ta wutsiya. Hatsi da gari su koma cikin durom ko bokiti mai murfi, a toshe ramuka da siminti, a daina shanya abinci a ƙasa a bakin titi. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ko uku ana shan maganin maleriya bai sauka ba, musamman da ƙarancin fitsari ko sarƙewar numfashi ko jini, a tafi asibiti a gaya wa likita an yi aiki a wurin ɓeraye. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.